Taswirar yanayi ta cika da lambobi: me za a cire, me za a bari?

Abdulhadi Mashi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimako a kan aikina na kammala karatu. Ina haɗa taswirar yanayin ƙasa ta ƙarfe 12 agogon GMT, wato ɗaya na rana a nan, daga digiri 10 zuwa 16 arewa, digiri 4 zuwa 12 gabas, da MetPy da Cartopy, manhajojin Python na zana taswira. Na ɗora rahoton tashoshi: zafi, makin raɓa (matakin zafin da iska za ta sauko kafin raɓa ta fara, mai nuna laimar iska), matsin iska, kibiyar iska da yawan gajimare. A ƙarƙashinsu akwai iskar ERA5 (bayanan yanayi da samfurin kwamfuta ya lissafa), layukan matsi, da iyakokin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Abin da ya fito ba ya karantuwa ko kaɗan. Tsakanin Katsina da Maraɗi lambobi sun hau kan juna, har ba a gane zafin wace tasha ake gani. Malamin da ke duba aikina ya ce in rage cunkoson kafin in sake kawowa. Ta ina zan fara?

Nura Funtua: Wa alaikumus salam. MetPy na da abin da aka yi musamman domin wannan, sunansa reduce_point_density. Kana ba shi wuraren tashoshinka da tazarar da kake so a bari tsakaninsu, shi kuma ya dawo maka da jerin e ko a'a: wannan ta tsaya, wannan ta fita. Abu ɗaya ka kiyaye. Tazarar tana bin ma'aunin da ka ba shi wuraren da shi ne. In ka ba shi digiri sannan ka rubuta 100000 kana nufin mita, tasha ɗaya tak za ta rage a taswirar. Ka fara juya wuraren zuwa mita da transform_points na Cartopy, sannan ka gwada kilomita 100.

Abdulhadi Mashi: Na gwada, Yaya Nura. Ta ɗan sarara, amma Katsina ta ɓace gaba ɗaya. Maraɗi ce ta tsaya. Aikin kuwa a kan Katsina yake.

Nura Funtua: Na san dalili. In ba ka faɗa masa wacce ta fi muhimmanci ba, bin jerin yake yi daga sama zuwa ƙasa: wadda ya fara tararwa ya riƙe ta, ya share duk maƙwabtanta da ke cikin tazarar. Fayil ɗinka ina jin an jera shi da lambobin tashoshi na WMO, hukumar yanayi ta duniya. Tashoshin Nijar da 61 suke farawa, namu da 65. Maraɗi 61080 ce, Katsina 65028, kuma tsakaninsu a miƙe kilomita 80 ne ko kusa da haka. Ka ga Maraɗi ta riga ta zo, ta kori Katsina. Da da haruffan filin jirgi aka jera, DNKT na Katsina zai riga DRRM na Maraɗi, sai Maraɗi ta fita. Maganin shi ne priority: ka ƙara shafi guda na fifiko, ka ba Katsina lamba mafi girma, ka miƙa masa.

Malam Dikko: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ban yarda da hanyar da aka ɗauko ba. Abdulhadi, ɗana, tashoshi nawa ke cikin akwatin nan naka da suka aiko rahoto? Katsina, Kano, Sakkwato, Gusau, Zariya, Kaduna, Nguru, can kuma Maraɗi, Damagaram, Birnin Ƙonni, Tawa. Ko an haɗa da wasu 'yan kaɗan ba su taka kara sun karya ba. Wannan manhaja an yi ta ne a Amurka, inda filayen jirgi ke jere kusa da juna, tashoshi dubbai. Su in sun zubar da rabi ba su yi asara ba. Mu kowace tasha mutum ne ya fita cikin rana ya buɗe akwatin ma'aunai ya karanta. Ka share Maraɗi, me ya rage maka tsakanin Katsina da Tawa?

Lokacin da muke zanawa da hannu, biro biyu muke ɗaurewa wuri ɗaya, ja da baƙi, kuma duk rahoton tasha ɗaya sai ya shiga wurin da kwabo zai rufe. Yadda ake yi kuwa, ba a rubuta abin da mai karatu ya riga ya sani. Matsin iska 1009.6 ba ka rubuta shi duka, 096 kake sawa a sama ta dama. Zafi a sama ta hagu, makin raɓa a ƙasa ta hagu, ba ɗigo ba ragowa. Gajimare a cikin da'irar, kashi takwas. Iska kuwa sanda ce mai gashi: dogon gashi gudun iska noti 10, gajere 5, tuta 50. Ka duba taka, na tabbata 38.400002 manhajar ke rubuta maka.

Abdulhadi Mashi: Allah ya gafarta Malam, haka ne, akwai ragowar lambobi bayan ɗigo, kuma matsin ya fito cikakke.

Nura Funtua: Wannan mai sauƙi ne, StationPlot na MetPy, mai zana tashoshin, na karɓar formatter, wato tsarin rubuta lamba. Ka sa zafi da raɓa su zama cikakkun lambobi, matsi kuma ka ninka da 10 ka ɗauki lambobi uku na ƙarshe. Amma Baba Dikko, da girmamawa, ko an gajarta, in tashoshi biyu sun yi kusa a takarda dole ɗaya ta rufe ɗaya. Lambar da ba ta karantuwa ai da ita da babu duk ɗaya.

Sada Ƙofar Soro: Ku dakata da maganar tashoshi, ba su ne matsalar ba. Ku yi lissafi. ERA5 kowane kwata na digiri take ba da iska, wajen kilomita 28 ke nan. Akwatin Abdulhadi digiri 6 ne a tsaye, 8 a kwance. Layi 25 sau 33, kibiya 825. Tashoshi goma sha wani abu a cikin kibiya 825, wa ya cika wuri? A manhajar GrADS skip muke sawa don tsallake wasu kibiyoyin, d skip(u,4);v, a Python kuma [::4, ::4]. Kibiya ɗaya a kowane digiri, sun koma 63. Kuma ba a rasa komai ba, domin iskar da samfurin kwamfuta ya bayar a nan da wadda ya bayar kilomita 28 gaba kusan abu ɗaya ne.

Sai iyakokin ƙananan hukumomi. A taswirar da ta kama daga Kaduna har Tawa, me iyakar Rimi da Charanchi take yi? Ka bar iyakar ƙasa, ka bar ta jiha da siririn layi mai ruwan toka, shi ke nan.

Dakta Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. Abdulhadi, har yanzu ba wanda ya tambaye ka, kuma kai ma ba ka faɗa ba: wace tambaya taswirar za ta amsa?

Abdulhadi Mashi: Ranki ya daɗe, ina bin layin ITD ne, yadda yake hawowa arewa daga Afrilu zuwa Yuni, da alaƙarsa da faɗuwar damina a Katsina.

Dakta Hadiza: To ka ga an zo wurin. Layin ITD iyaka ce tsakanin iska mai laima da ke zuwa daga kudu maso yamma, daga teku, da busasshiyar iskar arewa maso gabas daga Sahara. Abu biyu ke nuna shi a ƙasa: makin raɓa da inda iska ta fito. Masu hasashe a Afirka ta Yamma galibi layin raɓa na digiri 15 suke bi. Tashar da ta ba da 20 da iskar kudu maso yamma tana kudancin layin, wadda ta ba da 5 da iskar arewa maso gabas tana arewacinsa. Ba ka buƙatar gajimare, ba ka buƙatar matsi a jikin kowace tasha. Da'ira, kibiya, lamba ɗaya. Wurin da kowace tasha ke ci ya ragu da fiye da rabi tun kafin ka kori kowa.

Layukan matsi kuma, mu a nan kusa da tsakiyar duniya bambancin matsi tsakanin gari da gari kaɗan ne. Ga shi matsin yana hawa da sauka da kansa sau biyu a yini, ya kai ƙololuwa wajen goma na safe da goma na dare. In ka ja layi a kowane 1 hPa (ma'aunin matsin iska) daga bayanan ERA5, za ka samu 'yan ƙananan zobba birjik musamman wajen tudun Jos, ba su nuna komai sai tasirin tsaunuka a lissafin. In dole ne, kowane 2 hPa, ka ɗan daidaita lambobin matsin tukuna don rage ƙananan hawa da sauka, kuma a taswira ta biyu daban. Taswira biyu a gefen juna sun fi ɗaya da aka danƙara wa komai.

Kuma ina tare da Malam Dikko a kan Maraɗi, saboda dalilin da ya shafi aikinka kai tsaye. A watan Mayu akwai ranakun da layin ke ratsawa tsakanin Katsina da Maraɗi. Ranar da Katsina ta jiƙe Maraɗi na bushe, wannan ita ce ranar da kake nema. In manhaja ta cire ɗaya daga cikinsu, ta cire maka shaidar.

Nura Funtua: Na yarda da wannan, Dakta. To bari in gyara shawarata, domin kilomita 100 ɗin nan ba daga takardarsa aka samo ta ba. Tazarar daga girman takarda ya kamata ta fito. Digiri 8 a kwance a daidai Katsina kusan kilomita 870 ne. In a A4 zai buga, faɗin hoton wajen santimita 18, kowane santimita kilomita 48 ke nan. Cikakken zanen tasha yana cin kamar santimita ɗaya da rabi, wato kilomita 72. Ya sa 70 ko 75, Katsina da Maraɗi duk su tsaya. Da lamba ɗaya da kibiya kamar yadda kika ce, 50 ma ta isa. Manhajar Magics ta cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, haka take yi tun asali, obs_distance_apart da santimita ake ba shi, ba da kilomita ba.

Malam Dikko: Yanzu ka zo kusa da ni, Nura. Amma har yanzu ina da magana. Yau Katsina da Maraɗi sun tsira don lissafi ya yi daidai. Gobe yaron nan zai faɗaɗa taswira daga Dakar zuwa Njamena, santimita ɗaya ya zama kilomita 200, sai injin ya koma zaɓar masa. Mu in wuri ya ƙure, gefe muke matsar da zanen tashar, mu ja ɗan layi zuwa inda take. Ba mu taɓa zubarwa ba.

Nura Funtua: Baba, a taswira ɗaya ana iya matsarwa da hannu. Shi kuwa kwana 91 zai zana, Afrilu zuwa Yuni, kuma in shekaru da yawa ne ka ninka. Ba mai zama ya matsar da lambobi a taswira ɗari tara.

Malam Dikko: Tashoshin ba sa tashi daga inda suke. Ka matsar sau ɗaya ka rubuta a fayil, Maraɗi kullum lambarta ta hau sama kaɗan, Katsina tata ta sauko. Ai kwamfuta ba ta mantuwa.

Nura Funtua: Wannan kam gaskiya ne, kuma layi kaɗan ne na rubutu. Ga ƙananan taswirori na karɓa. Ga ta Afirka ta Yamma gaba ɗaya ina nan a kan bakana, sai an tace.

Dakta Hadiza: Ku raba abu biyu. Akwai bayanan da ake yin nazari da su, akwai waɗanda ake nunawa. Layin digiri 15 da duk tashoshin da suka aiko za a ja shi, ba da waɗanda suka tsira daga tacewa ba. Na sha ganin ɗalibai sun tace tukuna sannan suka ja layi da ragowar, layin ya kauce da kilomita masu yawa. Bayan an ja, in an ɓoye lambar wata tasha, a bar ɗan ɗigo a wurinta don mai karatu ya san akwai ma'auni a nan. A ƙarƙashin taswirar kuma a rubuta tazarar da aka yi amfani da ita da abin da aka ba fifiko.

Wani abu, Abdulhadi: jerin fifikonka ya zama guda ɗaya a duk kwanakin. In yau Gusau ta fito gobe ta ɓace jibi ta dawo, mai duba taswirorin a jere zai ɗauka yanayi ne ke canzawa.

Sada Ƙofar Soro: Ka kuma duba ko tasha ɗaya ba ta fito sau biyu ba. In ka haɗa SYNOP (rahoton tashoshin yanayi) da METAR (rahoton filayen jirgi), Kano za ta zo a matsayin 65046 ta kuma zo a matsayin DNKN, wurarensu sun ɗan saɓa, sai ka ga lambobi kamar an yi musu inuwa. Haka in ka ɗauki rahoton awa guda cur, za ka kwaso na ƙa'ida da SPECI (na musamman, in yanayi ya sauya) da wanda aka gyara. Ka riƙe mafi kusa da ƙarfe 12, ka zubar da sauran. Wannan ba asarar bayani ba ce.

Murja Daura: Assalamu alaikum. Ni ba na rubuta Python, malamar gona ce, amma ni ake turo wa taswirorin nan in kai wa manoma, don haka ku ba ni dama. Duk maganarku a kan zafi da iska ce. Ruwan sama fa? A nan sai a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a cikin Daura, ka kira Sandamu ko Mai'adua a ce ko ɗigo ba a gani ba. In aka ce duk ma'aunin ruwa da ke cikin kilomita 50 na wani a cire shi, masarautar Daura kusan lamba ɗaya za ta samu. Manomi in zai rage gero a rami bayan ya tsiro, mai ƙarfi yake bari, ba wanda ya fara gani ba. Ku ma ku duba me kuke bari. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta ci rayuka sama da 40 a dare ɗaya. Taswirar da za ta ɓoye lambar wuri irin wannan don garin da ke kusa ya riga shi a jeri, ba na son a ba ni ita.

Nura Funtua: Anti Murja, wannan ana iya yi. Yawan ruwan da kansa za a sa a matsayin fifiko, mafi yawa ya kori na kusa da shi. Haka a lokacin hazo: nisan gani mafi ƙanƙanta ake ba fifiko, sai a juya alamar lambar. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, masu hasashe Faya da Bilma da Agadas suke sa wa ido kafin ta iso mana. Tashar da ta ce mita 500 ba za a bari wadda ta ce kilomita 10 ta rufe ta ba.

Dakta Hadiza: A yi hattara a nan. In kullum mafi yawa ake bari, taswirar za ta nuna ƙasar ta fi jiƙa fiye da gaskiya. Ga gargaɗin ambaliya daidai ne. Ga manomin da ke tambaya ko ya yi shuka, illa ce, domin shi abin da ke cutar da shi shi ne ƙauyen da ya samu milimita 2 alhali maƙwabta sun samu 40, ya yi shuka ta ƙone a bi ta da wata. Ga ruwan sama ni ba na son tacewa sam. A cire lambobin, a bar kowane ma'auni a matsayin ɗigo mai launi. Ɗigo ba ya cin wuri, ɗari ma za su zauna a Jihar Katsina ba su taɓa juna ba. Sai a rubuta lamba a kan uku ko huɗu da suka fi yawa, da waɗanda ba su samu komai ba.

Murja Daura: Haka nake so, Dakta. Sai dai a tausaya mana wajen launi. Ana turo mana mai launi goma sha biyar, ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi kala-kala. Ta WhatsApp take zuwa, ya matse hoton, a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, a tsakar rana a bakin gona. In na kai shago a buga mini, baƙi da fari ne, ja da kore su koma toka iri ɗaya. Mataki biyar sun isa, daga fari zuwa shuɗi mai duhu, yadda ko an yi hoton takardar za a gane. Kuma a sa sunayen garuruwan da mutane suka sani. Manomi ba ya neman digiri 13, Zango yake nema, ko Baure, ya ce to ga mu nan.

Sada Ƙofar Soro: Sunayen ma cunkoso ne in sun yi yawa. A manhajar taswira ta QGIS ana iya cewa suna kaza kada ya fito sai an kusanto da taswirar, kuma shi da kansa yana hana su hawa kan juna. Ga taswirar masarauta, hedikwatar kowace ƙaramar hukuma ta isa.

Abdulhadi Mashi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yi tun ɗazu. Na cire iyakokin ƙananan hukumomi, na mayar da layukan matsi taswira ta biyu a kowane 2 hPa. Kibiyoyin ERA5 sun koma ɗaya a kowane digiri, da ruwan toka, na tashoshi kuma baƙaƙe masu kauri don a bambance. Kowace tasha makin raɓa kawai da iska. Kano ta fito sau biyu kamar yadda Malam Sada ya ce, na gyara. Da tazarar kilomita 50 ba tashar da ta fita. Saura abu ɗaya: akwai ranakun da rahoton Katsina bai shigo cikin fayil ɗin da na sauke ba. In ɗauko lambar ERA5 ta wurin in cike?

Malam Dikko: A'a, ɗana. Ka zana da'irar, ka bar gefenta babu komai. Wanda ya ga baƙar lamba a jikin tasha zai ɗauka an auna ne. Ka je ofishin NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, da takarda daga makarantarku ka nemi rajistar ranakun. Sau da yawa an auna an rubuta, aikawa ce ba ta kai inda ka sauke ba.

Sada Ƙofar Soro: Ni har yanzu da ni ne, kibiyoyin ERA5 ɗin ma cire su zan yi in ja layukan kwararar iska, irin wanda masu hasashe ke yi a matakan sama na 925 da 850 hPa. Inda iskokin biyu suka haɗu yana fitowa ƙarara, ido ba ya wahala.

Nura Funtua: Layukan kwarara ba sa nuna ƙarfin iska sai ka ƙara launi, ka dawo da abin da aka gudu. Kuma suna ratsa kan lambobin tashoshi. Kibiya 63 sun fi tsabta.

Dakta Hadiza: Abdulhadi, ka zana duka biyun na rana ɗaya a tsakiyar Mayu, ka buga su a A4 baƙi da fari, ka ɗauki hotonsu da waya ka sa mana a nan. Murja ce za ta fara faɗin wadda ta gane.

Abdulhadi Mashi: To ranki ya daɗe. Gobe bayan Azahar in sha Allahu, in an kawo wuta.